Koken Mazauna Unguwa Kan Ramin Harsashin Bene da Aka Bari a Buɗe

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu talakawanka mazauna layin bayan masallacin Juma'a mun kawo kukanmu gabanka kan filin da aka fara aikin bene a cikinsa tun kafin faɗuwar damina.

Mai filin ya sa katafila ta haƙa ramin harsashi wanda zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, domin an ce zai yi shaguna a ƙarƙashin ƙasa. Ba mu da ja a kan mutum ya gina filinsa, hasali ma 'ya'yanmu ne ke samun na abinci a wurin. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yadda ake aikin. An yanke ƙasar a tsaye ɗoɗar, ba a tokare gefenta da katako ko ƙarfe ba, ba a kuma kwantar da bakin ramin ba. Ƙasar da aka kwaso an jibge ta a bakin ramin, tifofin yashi da tsakuwa kuma suna ja da baya har gaɓar. Leburori na can ƙasa suna ɗaure rodi da silifas a ƙafa, kai babu hular kwano, tsani ɗaya tal na fita, shi ma ɗaurin igiya ne. Magina a cikinmu sun shaida mana cewa duk ramin da ya wuce ƙirjin mutum ba a shigarsa sai an tokare shi, domin ƙasa mai faɗin mita 1, tsawon mita 1 da zurfin mita 1 ta haura tan guda a nauyi, balle ta sha ruwa. Wanda ta danne ko kansa na waje, numfashi gagarar sa yake yi.

Ranka ya daɗe, gidajen da ke maƙwabtaka da filin yawancinsu ginin ƙasa ne na gado. Ta gabas an haƙa har gindin katangar wata baiwar Allah mai riƙon marayu, yanzu katangar ta tsage daga sama har ƙasa, mutum na iya zura hannu a ciki. Duk daren da hadari ya haɗu sai ta kwashe yaran su kwana a zauren maƙwabta. Kwatar layin ma an toshe ta da ƙasa, ruwan duk ya koma cikin ramin ya zama kududdufi, ga shi babu shinge, babu fitila, kuma ta nan 'yan makarantar allo da na Islamiyya ke bi safe da yamma. Ba sai mun faɗa maka yawan lokutan da jami'an kashe gobara na jihar Kano ke ciro gawar yara daga irin waɗannan ramuka da damina ba.

Dattawanmu sun sami mai kula da aikin, ya ce injiniya ya duba. Har yau ba mu ga injiniyan ba, ba mu kuma ga allon da ke nuna sunansa da lambar izinin gini ba. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta ana cikin gininsa a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba, inda 'yan kasuwar waya ke hada-hadarsu a ƙarƙashinsa.

Don haka muke roƙon Mai Girma ya kira mai filin da ɗan kwangilarsa fada, a dakatar da shiga ramin har sai an tokare gefensa, an janye ƙasar da tifofi nesa da baki, an zuƙe ruwan, an kuma kewaye wurin da kwano tare da sa fitila da mai gadi. Muna roƙo a rubuta wa hukumar tsara birane ta KNUPDA ta zo ta duba ko zurfin da aka haƙa yana cikin zanen da ta amince da shi, a kuma nuna mana injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ido da ido. Katangar marayun nan a gyara ta da kuɗin mai aikin tun ba ta faɗi ba. Su kuma leburori a ba su hula da takalmi, a sanar da su cewa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙi ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ba kuɗin allura kawai a sallame shi ba. In aiki ya kai ga zuba dakin, wato kankaren rufin bene, muna so a sa ido kada a yi gaggawar cire katakon tokare, tunda kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa.

A shirye muke mu raka wakilin Mai Girma wurin duk ranar da aka sa. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne talakawanka,
Limamin unguwa, wakilin dattawa, wakiliyar mata da shugaban matasa, a madadin sauran mazauna layin da suka sa hannu a takardar da ke haɗe.