Shirin rage hayaƙi: a fara da awo kafin a ɗauki alƙawari

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ɗan fili a wannan shafi domin mu yi magana kan takardun da gwamnatoci ke fitarwa da sunan shirin yaƙi da sauyin yanayi. Tun da aka ƙulla yarjejeniyar Paris a watan Disamban 2015, kowace ƙasa da ta sa hannu tana miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya alƙawarinta na rage hayaƙi mai ɗumama duniya duk bayan shekara biyar. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya ce in ana son ƙarin zafin duniya ya tsaya a maki 1.5 na ma'aunin Salshiyas, sai an zabge kashi 43 cikin 100 na hayaƙin duniya nan da 2030, bisa abin da aka fitar a 2019. Abin da ke damun mu shi ne, da yawa daga cikin takardun nan alƙawari ne tsagwaronsa, babu awo a ƙarƙashinsa. Wanda bai san buhu nawa ke cikin rumbunsa ba, ta yaya zai ce zai rage kashi ɗaya cikin uku?

Aikin farko shi ne ƙidayar hayaƙi, kuma ba tsafi a ciki. Ana raba ƙasa gida huɗu: makamashi, masana'antu, noma da kiwo da daji, sai shara. A kowane gida ana ɗaukar yawan abin da aka yi, a ninka da yawan hayaƙin da yake fitarwa. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana ba da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, litar dizal kuwa kusan kilo 2.7. Mutane kan yi mamaki: litar da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, ina ta samo kilo biyu da ɗoriya? Amsar ita ce kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin ta sarari lokacin ƙonewa, nauyin ya ƙaru. Ke nan tankin mota mai cin lita 50 yana sakin kilo 115 kafin a sake cika shi. Sauran iskokin kuma ana mayar da su ma'auni ɗaya: tan guda na iskar metan, wadda ke fita daga cikin dabbobi da juji da bututun gas, ana lissafa shi a matsayin tan 28 na kabon bisa awon shekara ɗari, tan guda na naitiros oksaid da ke tashi daga takin zamani kuwa tan 265.

Lissafin mai sauƙi ne, alƙaluman da ake zubawa a ciki su ne matsalar. Ana ɗauko yawan man da ya shigo ƙasa a ce shi aka ƙona, alhali wani ya tsallaka iyaka ta ɓarauniyar hanya. Ana manta janaretocin gidaje da na masana'antu domin ba su cikin rajistar kowa. Ana amfani da ƙidayar dabbobi ta shekara ashirin baya, a riƙa ƙara mata wani kaso kowace shekara daga kan tebur. In ƙasa ba ta auna nata shanun ba, sai ta ari ma'aunin bai-ɗaya na IPCC, wanda ba lalle ya dace da irin dabbobinta da abin da suke ci ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tarayyar Turai ta buɗe kasuwar takardun izinin fitar da hayaƙi a 2005 ba tare da tabbataccen awo na masana'antunta ba, ta raba takardu fiye da hayaƙin da ake fitarwa, farashinsu ya faɗi har kusan sifili a 2007. Masu kuɗi da ƙwararru ke nan, rashin awo ya kayar da su.

Sai batun da muka fi so masu karatu su riƙe: kashi kaza za a rage, amma daga me? Akwai ƙasar da ke cewa daga hayaƙin wata shekara da ta wuce, kamar 1990 ko 2005. Wannan a fili yake, kowa zai iya bin sawu. Akwai kuma mai cewa daga abin da za ta fitar nan gaba in ba ta ɗauki mataki ba. A nan ne ake wasa da hankali. A ɗauka ƙasa tana fitar da tan miliyan 100 a yau. Ta yi hasashen zai kai miliyan 200 nan da shekara goma, ta ce za ta rage kashi 30. Sakamakon shi ne tan miliyan 140, wato hayaƙi ya ƙaru da kashi 40, amma a takarda an yi nasara. In aka kumbura hasashen, to ko hannu aka naɗe za a cika alƙawari. Ba mu ɗauka laifi ne ba ƙasa matalauciya ta ƙara hayaƙi yayin da take kai wa jama'arta wuta da ruwa. Haƙƙinta ne, ba ita ta cika sararin sama da hayaƙi ba. Amma ta faɗi adadin tan ɗin ƙiri-ƙiri, ta kuma bayyana hasashen da ta dogara da shi.

Haka nan a raba abin da ƙasa za ta yi da aljihunta da abin da ta rataya a kan tallafi. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin dala biliyan 100 kowace shekara nan da 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Baku a 2024 an ɗaga shi zuwa biliyan 300 nan da 2035. Wanda ya ɗora duk shirinsa kan wannan kuɗi zai daɗe yana jira.

Alƙawarin daina ƙara hayaƙi nan da 2050 ko 2060 kuwa yana da daɗin faɗa, tun da mai faɗar ba zai kasance kan kujera ba ranar da za a tambaya. Birtaniya ta toshe wannan kafa da dokarta ta 2008. Dokar ta yanka tafiyar zango-zango na shekara biyar, kowane zango da iyakar tan ɗin da ba za a wuce ba, ana kuma tsayar da shi shekara goma sha biyu kafin ya zo, domin mai gina tashar wuta ya san inda aka dosa. Ta kafa kwamiti mai zaman kansa da ke kai wa majalisa rahoto kowace shekara, gwamnati kuma dole ta ba da amsa. A 2012 kwal ne ke ba ƙasar kusan kashi 40 na lantarkinta. A ƙarshen Satumban 2024 ta rufe tashar kwal ta ƙarshe. A Jamus kotun tsarin mulki ce a 2021 ta ce dokar ƙasar ta tura nauyin kan matasa bayan 2030, gwamnati ta koma ta gyara, ta ɗaga burin zuwa kashi 65 nan da 2030.

In kuɗi kaɗan ne, a ganinmu da metan ya kamata a fara. Shekara goma sha biyu kawai take yi a sama, amma cikin shekara ashirin na farko tana riƙe zafi kusan ninki 80 na kabon, don haka rage ta yana nuna amfani da wuri. A Glasgow a 2021 ƙasashe sama da ɗari sun amince a rage ta da kashi 30 nan da 2030. A wuraren haƙar mai da gas, aikin na mai sufana ne da kyamara: ana haska bututu da kyamara mai ganin abin da ido ba ya gani, sai ka ga gas na tuttuɗowa kamar baƙin hayaƙi daga bakin bawul ko mahaɗar bututu biyu da robarta ta mutu. A ɗaure, a canja roba, a dawo bayan wata uku a sake dubawa. Gas ɗin da aka tare kaya ne na sayarwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa an ƙone kubik mita biliyan 148 na gas a banza a wuraren haƙar mai a 2023. Masu lissafi kan ɗauka harshen wutar nan yana cinye kashi 98 na gas ɗin, amma in iska ta kaɗa ko wutar ta mutu ba a lura ba, metan ce ke fita ɗanya. Dokar hana ƙonawa kuma ba ta aiki muddin tarar ba ta kai kuɗin sayen injin tara gas ba, kamfani zai biya tara ya ci gaba da abinsa. A juji ma haka ne: a ware ruɓaɓɓen abu a yi taki da shi, a rufe tsohon juji da ƙasa mai danƙo, a kafa bututu a zuƙe gas.

Wutar sola ta yi araha ƙwarai, amma shirin da ya ƙirga faifan sola ya manta da layin dakon wuta da tiransifoma da batir, zai ƙare da tashar da ake kashewa da tsakar rana saboda babu inda za a kai wutar. Kuma tun da kusan duk kuɗinta a farko ake kashewa, kuɗin ruwan banki ne ke yanke farashin wutar. Inda kamfanin rarraba wuta ba ya biyan bashi, mai zuba jari zai tsawwala.

Dashen itace abu ne mai kyau, sai dai an mai da shi maɓoya. Ana ƙirga tsiron da aka dasa ranar biki, ba a komawa a ƙirga wanda ya tsallake rani uku. Itace na buƙatar shekaru da dama kafin ya tara kabon na kirki, gobara ɗaya kuma ta mayar da shi sama cikin yini. A ware kuɗin ban ruwa da shinge da mai gadi tun daga farko, a kuma rubuta adadin da ya rayu a shekara ta uku da ta biyar. Kare dajin da ke tsaye ya fi sabon dashe sauri da araha.

Harajin hayaƙi yana aiki. Suwidin na karɓar sa tun 1991. Amma Faransa ta ga abin da ya biyo baya a 2018, lokacin da ƙarin harajin mai ya faɗa kan mutanen karkara da ba su da wata hanyar zuwa aiki sai mota: zanga-zangar masu rawayar riga ta tilasta wa gwamnati janyewa. Sauƙin da za a yi wa talaka, motocin haya ne ko kuɗi a hannu, shi ya kamata ya riga ƙarin farashi isowa.

Duk wannan ba zai tashi daga takarda ba in aka bar shi a hannun ma'aikatar muhalli ita kaɗai, wadda ba ita ke gina tashar wuta ba, ba ita ke ba da lasisin mai ba, ba kuma ita ke raba kasafi ba. Kowane mataki ya zo da sunan ma'aikatar da za ta yi shi, da tan nawa zai rage, da lambarsa a kasafin kuɗi, da ranar gamawa. Yarjejeniyar Paris ta wajabta wa ƙasashe miƙa rahoton ci gaba duk shekara biyu, zagayen farko ya cika a ƙarshen Disamban 2024, kuma ana wallafa rahotannin a intanet kyauta. Muna roƙon ka, Edita, ka sa wakilinka ya buɗe irin wannan rahoto ya ajiye shi gefe da kasafin kuɗi na shekarar, sannan duk jami'in da ya ce za a rage kashi kaza, a tambaye shi daga wace shekara, tan nawa ne, kuma wa ya auna.

Mun gode da wannan dama. Wassalam.