Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Gyaran Kwamfuta

Assalamu alaikum. Iyayenmu a sana'a, 'yan uwa membobi da yaran shago, ga bayanin kwamitin gudanarwa kan shekarar da ta ƙare.

Zaman wata-wata bai yanke ba, sai dai da damina ta kankama mutane suka yi ta noƙewa. Horon yaran shago kuwa ya tafi ne kusan kacokan a kan tsofaffin kwamfutocin gwanjo masu ƙin tashi, domin su ne abincinmu na kullum.

Aikin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na wata makarantar sakandare da ta nemi mu kwashe kwamfutocinta, wai an gaya mata bod ɗinsu, wato babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, ya ƙone. Da muka kunna ta farko, sai baƙar fuska da lambar kuskure PXE-E61, ta mutu ta sake tashi a kan haka. Wani dattijonmu ya yi dariya, ya ce a buɗe ta. Ashe batirin CR2032 ne ya ƙare, ɗan nan mai kama da kwabo, wanda ƙarfinsa volt 3 ne. Da ya mutu sai BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ya manta saitinsa, na'urar ta koma neman tashi ta katin netiwok, ga faifan ajiya nan lafiyarsa lau. Wasu kuma saitin SATA (mahaɗar faifan ajiya da bod) ne ya juye tsakanin salon IDE da na AHCI, Windows ta riƙa ba da shuɗiyar fuska mai lamba 0x7B. Biyu daga ciki RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) kawai muka zare, muka goge ƙurar hunturu, suka tashi. Kwamiti na roƙon membobi da kada a ce wa mai kaya bod ya ƙone sai an gwada batiri da mitar awon wuta, an kuma tabbatar BIOS yana ganin faifan, tunda ita ma PXE-E61 takan fito idan faifan ne ya mutu. A gyara kwanan watan kwamfutar, wanda mutuwar batiri ke ɓatawa, kafin a sallami mutum, in ba haka ba burauza za ta ƙi buɗe masa shafuka, ya dawo yana faɗa.

A ɓangaren netiwok, yaranmu suna saurin sake loda Windows, abin da ke ci wa mai kaya yini guda a banza. Mun nuna musu cewa adireshin netiwok na kwamfuta da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ba ta samu amsa daga rauta (na'urar raba netiwok) ba, don haka kebul za a fara dubawa. Gudun megabit 100 wayoyi huɗu na cikin kebul yake amfani da su, gigabit kuwa sai takwas ɗin duka. Matse kan kebul ɗaya ba daidai ba ya isa ya rage gudu. Wanda ya sa saitin gudu da hannu a kati, ya mayar da shi atomatik. Mun kuma haɗa filash mai direbobi (manhajojin sarrafa katin netiwok) na Realtek, Intel da Broadcom don amfanin kowa. Wanda ya ara tun kafin babbar sallah ya san kansa.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin na'urorin nan ba su da shi. An yi muhawara mai zafi: wasu na ganin a koma tsarin Linux Mint a madadin Windows, wasu sun ce masu shagon buga takardu ba za su yarda ba. Ba a tsayar da magana ba, an ɗage ta zuwa zama na gaba.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi da bakinsa a wurin taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a zo da shi, kowane yaron shago kuma ya zo da mitarsa.