Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano A Kan Gyaɗa

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, maganar gyaɗa ce ke tafe da ni. Roƙona na farko ƙarami ne: duk ranar da masu rubuta maka jawabi suka saka alkawarin "dawo da dalar gyaɗa", ka sa a goge layin.

Na san daraja da kwarjinin da dalar nan ta ba Kano. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1911, Turawa na sa ran auduga za su riƙa kwasa, sai manoma suka karkata ga gyaɗa, don ta fi kawo kuɗi, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza wakilai ƙauyuka da sikeli, buhuna suka yi ta kwarara birni. Amma me ya sa ake jibge su har su yi tsini? Taragon jirgi ne ba ya iya kwashe su zuwa Legas a kan lokaci. Kaya ne masu jiran fita, manomin da ya noma su kuwa hukumar cinikin amfanin gona ce ke yanka masa farashi ƙasa da na kasuwar duniya. Fari ya zo a 1973, kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta cinye wajen hekta 700,000 a Arewa a 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, aka rushe hukumomin cinikin a 1986. Wanda yake ganin jera buhuna shi ne wadata, ya tuna dalar shinkafar da aka yi biki a kanta a Abuja a Janairun 2022, ya kuma tambayi matan gida nawa suka sayi kwano bayan nan.

Gyaɗa dai tana nan, har gobe Najeriya na sahun gaba a duniya wajen nomanta. Abin da ya sauya shi ne yanzu mu muke cinye abinmu. Ta koma hannun matan da ke soyawa, su kai niƙa, su matse mai, su murza tunkuza su toya ƙuli-ƙuli. Ita ce a yajin tsire, a miyar taushe, a kunun mai jego da na buɗa-baki, ita ce garin ƙulin da ake barbaɗa wa kwaɗon zogale da rama. Kusan rabin ƙwayarta mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki. Gidan da nama ya gagara, ƙwai ya zama na ranar sallah, da ita yake rufa asiri. Harawarta ta ciyar da tumaki da rani, saiwarta ta bar wa geron baɗi taki a ƙasa.

To ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar nan 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Duk damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, cibiyar tamowa ta Unguwa Uku cika take. Kuma mene ne a cikin 'yar ledar da ake ba uwa ta matsa wa ɗanta? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, giram 92. A Faransa aka ƙirƙiro ta a shekarun 1990, yunwar Nijar ta 2005 ce ta fito da ita duniya, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ceci dubban yara da ita a yankin Maraɗi. Yau ana yinta a Yamai, ana yinta a Najeriya. Sai dai masana'antar da ke yinta ba ta karɓar gyaɗar da ta faɗi gwaji komai arharta, in ba ta samu mai tsabta a gida ba sai ta nemo a waje.

Abin da ake gwadawa shi ne gubar afulatoksin, wadda wata fumfuna ke haifarwa idan ruwa ya ɗauke kafin gyaɗa ta nuna, ko aka shanya ta a ƙasa, ko aka ɗura ta a buhu da sauran danshi. Gubar tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ana kuma alaƙanta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta. Ga inda abin yake min ciwo, ranka ya daɗe: idan dillali ya tsince mai kyau don kamfani, ita mai baƙi-baƙin da motsattsiyar ba ya zubar da ita. Sayar da ita yake da rahusa, mai ƙuli ta saya don ta ga sauƙi, a matse mai, mafi yawan gubar ya zauna a tunkuza. Ɗan talaka ne zai saya a ƙofar makaranta. Ban ga laifin matar ba, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata.

Maganin kuwa yana kusa da mu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, tare da cibiyar binciken amfanin gona ta duniya, ICRISAT, mai ofis a nan Kano, sun fitar da iri irin su SAMNUT 24 mai nuna da wuri, mai jure kuturta. Matsalar gyaɗa ita ce tana cin iri da yawa a shuka, ba ta kuma ruɓanya kamar gero, shi ya sa kamfanonin iri ba sa ɗokinta, manomi ya ci gaba da shuka abin da ya tsinto a kasuwa. Nan ne wurin gwamnati: hukumar raya aikin gona ta jiha, KNARDA, ta ɗauki manoma a kowace ƙaramar hukuma su riƙa yaɗa ingantaccen iri, a saye daga hannunsu da kaka. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da maganin Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin fure ya rage gubar ƙwarai. A ajiye shi a shagunan KASCO, kamfanin sayar da kayan noma na jiha, kusa da taki, a haɗa da tamfal na shanya. Malaman gona su shiga rediyo da yaren da mai ƙuli za ta gane.

Sannan kasuwar Dawanau, wadda ke ciyar da Afirka ta Yamma, ta cancanci ɗakin gwaji inda za a auna buhu cikin ɗan lokaci a manna masa shaida. Muddin mai tsabta da mai guba kuɗinsu ɗaya, ba manomin da zai wahalar da kansa. Gyaɗar da ta faɗi gwaji kuma a sama mata hanyar da ba ta bi ta bakin yara ba.

Daga wannan gyaɗa mai shaida nake roƙon jiha ta fara saye, ta ƙulla da ƙungiyoyin mata su riƙa dama kunun gyaɗa a makarantun firamare da ɗakunan awon ciki, ta kuma ware kuɗinta na sayen abincin tamowa da sharaɗin a yi shi da gyaɗar Kano. A sa wannan a kasafin kuɗin baɗi, iri ya isa hannun manomi kafin ruwan shuka na watan Yuni.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin gona, Kano