Shari'ar da aka rufe wa ƙofa, wa za ta gamsar?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara 27 na yi ina magatakarda a kotu kafin in ajiye aiki. Kullum da safe abin da nake fara yi shi ne in sa masinja ya wangale ƙofofin zauren ya jera benci. Akwai wani tsoho mai sayar da goro da kan aje farantinsa a bakin taga, ya zauna can baya ya saurara har a tashi, ba ruwansa da mai ƙara ko wanda ake ƙara. Ba wanda ya taɓa korar sa, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi a yi shari'a a bainar jama'a.

Mu Katsinawa ba sai an ba mu labarin shari'ar ɓoye ba. A 1995, zamanin Abacha, kotun soja ta zauna a asirce ta yanke wa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa hukuncin kisa bisa zargin juyin mulki, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. A watan Disamba 1997 ya rasu a kurkukun Abakaliki. Ina cikin waɗanda suka yi cirko-cirko a Unguwar 'Yar'aduwa lokacin da labarin ya iso, kowa na raɗa, ba mai iya cewa ga shaidar da aka kafa a kansa. To, wancan mulkin soja ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ganin irin wannan a mulkin farar hula. A watan Oktoba 2017 aka soma shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin soja na Kainji, jihar Neja, aka hana 'yan jarida shiga. Sai sanarwa muka ji: an ɗaure 45, an sallami 468. Wa aka ɗaure, a kan me? Waɗanda aka sallama kuma, shekara nawa suka yi a tsare ba da laifi ba?

Na san amsar da ake bayarwa, wai tsaro. Ban raina ta ba. Wanda ya fito ya nuna infoman ɓarayin daji a ƙauyensu, ya sayi mutuwa da kuɗinsa, kuma shi kansa sashe na 36 ya bar wa alƙali damar fitar da mutane in tsaro ya buƙaci haka. Amma ai ana iya sakaya sunan shaida, a sa masa labule, a rufe zaman wannan ranar kaɗai. Don kare mutum ɗaya ba a kulle shari'a tun daga tuhuma har hukunci.

Akwai wata baiwar Allah da ta yi gudun hijira daga yankin Batsari, tana haya a ɗakin da ke jikin gidana. Sun sayar da gona da shanun huɗa biyu suka biya kuɗin fansar mijinta, bai dawo ba. Duk sanda rediyo ta ce an kama masu garkuwa da mutane, sai ta aiko ɗanta ya tsaya daga soro: "Baba, Inna ta ce wai yaushe za a kai su kotu?" Tunda na yi aikin kotu, tana ganin dole na sani. Sai in yi ta 'yan kame-kame. Cikin unguwa kuwa tuni an yanke magana, wai an sake su ta bayan gida. Ƙila ƙarya ce, amma da me zan ƙaryata?

Malam Edita, tun 2011 muke da dokar 'yancin samun bayanai. Ku da kuke da alƙalami ku rubuta wa ma'aikatar shari'a ta tarayya, ku nemi sunayen waɗanda aka hukunta kan ta'addanci, da laifin kowa da shekarun da aka ɗora masa, ku buga mana da Hausa. Ni zan yanko shafin in kai mata da hannuna, ɗan nata ya karanta mata.

Naka,
Tsohon magatakarda,
Ƙofar Sauri, Katsina.