Sanarwa: Zama kan harajin GRA

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu ɗaukar hoto, zane da waƙa.

Ranar Lahadi bayan La'asar za mu zauna a Nima, inda muka saba haɗuwa. Ranar 30 ga Afrilu ce wa'adin kai wa GRA, hukumar tara haraji ta Ghana, bayanin kuɗin shigar bara, kuma da yawanmu ba mu ma yi rajista ba.

Kowa ya zo da Ghana Card ɗinsa, lambar jikinsa ita ce lambar haraji tun 2021. A haɗo rasiɗai da saƙonnin MoMo, wato na tura kuɗi ta waya. Wanda kamfani ya yanke masa haraji kafin biyansa, don Allah ya karɓo takardar shaida, domin ana cire wannan kuɗin daga abin da zai biya. Mata, har da ku.

Allah ya kai mu lafiya.