Wasiƙa zuwa ga Malam Habu kan karnukan Pavlov

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san shirun ya yi yawa, amma kai ma ba ka da bakin zargina. An ɗora mini koyar da tarihin ilimin halayyar ɗan'adam a wannan zangon, kuma tun da na fara shiri nake tuna musun da muka tafka a ɗakin Sabo.

Ka dage a ranar cewa Pavlov, masanin nan ɗan ƙasar Rasha, masanin halayya ne, alhali fanninsa aikin gaɓoɓin jiki ne, kuma lambar Nobel da ya samu a 1904 a kan narkewar abinci aka ba shi. A ɗakin bincikensa da ke St. Petersburg, ana yi wa kare ƙaramar tiyata a kumatu domin yawu ya riƙa zubowa cikin bututu ana aunawa. A nan aka lura yawun yana tsinkewa tun kafin nama ya shiga baki, da zarar karen ya ji takun mai kawo abinci. Sai suka riƙa gabatar da wani sauti kafin abincin, har sautin kaɗai ya wadatar wajen sa yawun ya zubo. Kai da kake haɗiyar yawu da jin ƙarar faranti, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Edwin Twitmyer na Jami'ar Pennsylvania a Amurka. A bincikensa na 1902, yakan kaɗa ƙararrawa sannan ƙaramar guduma ta bugi ƙasan gwiwar ɗalibi. Wata rana ƙararrawar ta kaɗa, gudumar ba ta sauka ba, amma ƙafar ta harba. Ya kai wannan sakamako taron masana halayya na Amurka a 1904, ba wanda ya kula shi, sai ya koma aikin taimaka wa masu matsalar magana. A ganina ba basira ce ta raba shi da Pavlov ba, don irin abu ɗaya suka gano; Pavlov yana da cibiya da mataimaka masu yawa, kuma ya riƙe batun har rasuwarsa a 1936.

Ina so in fara darasin da Twitmyer, amma shugaban sashe ya fi son a bi tsarin da aka saba. Ka rubuto mini ra'ayinka kafin a koma hutu, kuma ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Lawal