Wasiƙar godiya ga ma'aikatar sassaƙar ƙarfe ta Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai ma'aikata, da Injiniya mai kula da injina, da dukan matasan da ke tsaye a bakin aiki. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu masu gyaran injinan niƙa, da na matsar man gyaɗa da waken soya, da manyan famfunan noman rani na bakin Galma, mun ga ya kamata mu gode muku a bainar jama'a. Yaba kyauta tukuici ne, kuma muna so sauran masu sana'a su san abin da ake iya yi yanzu a cikin garin nan ba sai an ɗora ƙarfe a mota an nufi Kaduna ko Kano ba.

Ga wanda bai taɓa ganin irin injinku ba, injin sassaƙa ne babba wanda kwamfuta ke tuƙawa, shi ake kira CNC. Yana riƙe ƙarfe a bakinsa yana jujjuya shi, wuƙa kuma tana bin jikin ƙarfen tana fere shi daidai da lissafin da aka rubuta mata. Wuƙaƙen suna jere a kan faifai guda mai juyawa, injin na zaɓar wadda aiki ya kai gare ta. Wasu daga cikinsu ma da kansu suke juyawa, su huda rami ko su yanka gurbi, ƙarfen yana tsaye cik. Girman injin abin sha'awa ne, amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda kuke karɓar aiki tun kafin a kunna shi.

Kowa a sana'ar nan ya san yadda aka saba: a kawo shaf ɗin da ya karye, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, a ce a yi irinsa, mai sassaƙa ya ɗora ma'auni a kan tsohon ya kwafa. To, tsohon ya riga ya cinye. Mazaunin boris ɗinsa, wato zoben nan mai ƙwayoyi a ciki da shaf ke juyawa a kansa, ya ragu, wani wurin ma ya zama kamar ƙwai, don haka sabon da aka kwafa ya fito da cutar tsohon tun ranar farko. Ku kuwa tambayarku ta farko ita ce lambar boris. Idan aka ce 22220, kun san raminsa milimita 100 ne, sai ku duba nauyin da zai ɗauka ku zaɓi matsin da ya dace. A aikin nauyi irin na injin matsar mai, galibi matsin da ake kira m6 kuke bi, wato kaurin shaf ya fito tsakanin milimita 100.013 da 100.035. Tazarar nan gaba ɗaya ba ta kai kaurin silin gashi ba. In ya gaza haka, zoben cikin boris zai riƙa zamewa a kan shaf yana cin sa, a ga jan gari kamar tsatsa yana fitowa. In ya wuce, zoben ya buɗe ya matse ƙwayoyin ciki, boris ya ɗau zafi, giris ya ƙone, cikin 'yan makonni aiki ya tsaya.

Mun lura kuma ba ku auna ƙarfe da zafinsa. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma shi ke ɓata ayyuka da yawa. Ƙarfe mai kaurin milimita 100, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 10, yana kumbura da kusan milimita 0.012, kimanin rabin tazarar da aka ba shi ke nan. Awon da ke cikin littattafai an yi shi ne a digiri 20, alhali a bazarar Zariya rumfar kwano kan wuce haka nesa. Shi ya sa kuke barin shaf ya huce bayan sassaƙar farko, ku ajiye maikuromita, wato ma'aunin kauri, kusa da shi su daidaita zafi, sannan a yi shafar ƙarshe. Mai gaggawa zai ga kamar ɓata lokaci ne. Mu da ke ɗaura kayan mun san ba haka ba ne.

Sai batun inda shaf ke karyewa. Kusan kullum a kafaɗa ne, wurin da kauri ya sauya, ko a ƙarshen gurbin ki, wato gurbin da ake saka ɗan ƙarfen da ke kulle fuli (faifan bel) da shaf. Kukan juya karyayyen ku duba fuskarsa: in akwai layuka masu santsi kamar sawun ruwa a kan yashi, da ɗan wuri mai kaushi a gefe, kun san tsaga ce ta daɗe tana ci a hankali, ba nauyin rana ɗaya ba. Tsagar tana farawa ne daga kusurwa mai kaifi. Saboda haka kuke lanƙwasa kafaɗar, ku ba ta ɗan gwiwa mai santsi, amma ƙasa da gwiwar zoben boris, don boris ya zauna har ƙarshe. Haka nan kukan faɗa wa mai kaya gaskiya idan ya nemi a cike tsohon shaf da walda a sake sassaƙawa. A wani aikin mara nauyi hakan na wucewa. A ƙarfe mai tauri kuwa, walda ba tare da an ɗumama shi ba tana barin wuri mai gautsi a ƙarƙashin cikon, kuma tana iya karkatar da shaf ɗin. Kun sha barin kuɗin wannan aiki ya wuce ku a kan ku yi abin da kuka san ba zai daɗe ba.

Ƙarfen kansa ma ba ku yarda da "ƙarfe dai ƙarfe ne" ba. Kuna bambanta ire-irensa: EN8 na aikin yau da kullum, da EN19 mai kuromiyam da molibdinam, da EN24 wanda aka ƙara wa nikel don shaf mai shan murɗa da bugu. Kuna rubuta irin a takardar aiki. Wanda ya kawo nasa ƙarfen daga 'yan gwangwan kuna gaya masa tun farko cewa ba a san asalinsa ba.

A kan injin, tsarinku abin koyi ne. Dogon shaf ana huda masa cibiya a ƙarshe a tokare shi, in tsawonsa ya haura kaurinsa sau goma sai a ƙara mariƙi a tsakiya, don kada ya lanƙwashe ya riƙa kaɗawa yana barin zane a jiki. Ana ɗora agogon awo a juya shi da hannu a ga babu karkata. A EN8 kukan ba wuƙar kabayid, mai baki mai tsananin tauri, gudun kusan mita 180 a minti, wanda a kaurin milimita 100 ya kama juyi 570 da 'yan kai a minti. Umarnin G96 na sa injin ya ƙara juyi da kansa yayin da kauri ke raguwa, kuma ba ku taɓa rubuta shi ba tare da G50 a gabansa ba, wanda ke ƙayyade iyakar juyi. In babu wannan iyaka, wuƙa na dosar tsakiya injin zai yi ta ƙara gudu, haƙoran da ke riƙe ƙarfen su sassauta, kuma ƙarfe mai nauyin buhu biyu ko uku ba abin da za a so ya kuɓuce ba ne. Sassaƙar farko tana cin milimita 3 zuwa 4 a kowane wucewa, a bar kamar rabin milimita don shafar ƙarshe. Sabon lissafi kuwa sai an gwada shi a iska, layi bayan layi, hannun mai aiki na kan maɓallin tsayarwa.

Gurbin ki shi ne inda injin nan ya fi nuna amfaninsa gare mu. A da sai an sauke shaf an kai shi wani injin, a sake ɗaurewa, gurbin ya fito ya ɗan kauce daga tsakiya, fuli ya shiga da guduma. Yanzu a ɗauri ɗaya ake yin komai: shaf na milimita 100 ya samu gurbi mai faɗin 28 da zurfin 10, ramukan noti su fito a zagaye daidai, zare ya hau ba tare da cijewa ba.

Mun san ɗawainiyar da ke bayan wannan. Injin na son wuta mai layi uku wadda ba ta hawa da sauka, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar yanka na iya fasa wuƙa ta lalata aikin kwana biyu, shi ya sa kuke tayar da janareta don shafar ƙarshe ko da akwai wuta. Ƙurar hunturu in ta gauraya da mai sai ta zama kamar sanfefa a kan hanyoyin injin, ga matatun akwatin lantarki da ke toshewa. Ruwan sanyaya ma sai an riƙe haɗinsa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, in ya tsinke ya jawo tsatsa da wari. Duk wannan kuɗi ne, kuma mun fahimci dalilin da farashinku ya ɗan ɗara na bakin titi.

Muna godiya ta musamman ga takardar awo da kuke haɗawa da kowane aiki, da gargaɗin da Injiniya ke maimaitawa: a ɗumama boris zuwa kamar digiri 110, kada ya wuce 120, a zura shi da hannu, ban da guduma, ban da wutar gas kai tsaye.

Roƙonmu biyu ne, Alhaji. A ƙara buɗe ƙofa ga ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Nuhu Bamalli masu zuwa koyon aiki, da yaran makanikai masu ƙwazo, don masu iya rubuta wa injin nan lissafi su yawaita a gari. Sannan a lokacin kaka, da injinan matsar mai ke aiki dare da rana, a ware layi na gaggawa ga wanda injinsa ya tsaya.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku da yaranku daga haɗarin injin, ya sa albarka a sana'a. Amin.

Naku,
Masu gyaran injina na Sabon Gari, Chikaji da Dakace, Zariya.